Rina a Kan Dirkar Guduma

A gaban idonsa Kafinta ake ce masa, in ya ba da baya a ce Guduma. Ya san da sunan, kuma bai taɓa jin haushinsa ba, don a wurinsa yabo ne. Shekara arba'in da ɗoriya yana aikin katako a rumfar da ke bayan gidansa, kuma duk unguwar babu mai cewa ƙofar da ya haɗa ta taɓa karkacewa, ko kujerarsa ta yi ƙara. Babu kuma mai cewa ya shiga rumfar nan da dariya ya fito da abarsa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, wuya a cure, hannunsa kullum ya riga bakinsa magana. Ya taɓa zubar wa wani direba haƙora biyu saboda ya goga mota a jikin katakonsa. Ya taɓa bin wani mai sayen gado da zarto har bakin titi, don mutumin ya ce ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta. Da aka sa tef aka auna, aka ga ƙafafun daidai suke, sai mutane suka ce ai Guduma ne da gaskiya, sai ka ce gaskiya lasin yanka mutum ce.

A cikin gida abin ya fi muni. 'Ya'yansa uku ne, maza biyu da mace, kuma kowannensu ya san nauyin falanki a gadon bayansa tun bai san hanyar makaranta ba. Babban ya gudu yana da shekara goma sha shida, ya tafi da kunne ɗaya da ba ya ji. Na biyun ya jira har ya yi ƙwari, ranar nan ya cafke hannun uban a sama, suka tsaya suna kallon juna, washegari ya kama gabansa. Macen ita ce Auta. Tana da tabo a gefen girarta ta hagu, inda ya jefe ta da guntun katako mai ƙusa tana 'yar shekara tara, laifinta ta ɓarar masa da gwangwanin gam. Uwarsu ta yi ta shiga tsakani tana karɓar nata rabon har ciwo ya kwantar da ita. Bayan ta rasu, Auta ta yi aure ta tafi, gida ya koma daga shi sai zarto, sai wata tsohuwar rediyo da ya fasa sau biyu ya ɗaure da waya.

Shekara goma sha ɗaya yana haka. Sai wata safiya ya ji an tsayar da mota a ƙofar gida, ya leƙo ya ga Auta a tsaye da keken ɗinki, da jaka guda, da wata yarinya siririya 'yar shekara biyar tana riƙe da gefen zanenta. Ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta ɗago kai ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Baba, ba don ina so na dawo ba," in ji ta. "Maigidana ya rasu, danginsa sun karɓe ɗakin. Zan zauna a nan in yi ɗinkina, in dafa maka, in wanke maka kaya. Amma ka ji ni da kyau. Duk ranar da hannunka ya sauka a jikin yarinyar nan, ko da ɗan yatsa ne, mun tafi ke nan. Ko gawarmu ba za ka gani ba."

Tafin hannunsa ya yi masa ƙaiƙayi, don a duniya ba a taɓa yi masa magana haka an tashi lafiya ba. Kafin ya buɗe baki yarinyar ta saki zanen uwarta, ta bi ta ƙarƙashin hannunsa ta shige, sai ga ta can a rumfa tana tsoma hannu a garin katako.

"Tsoho, wannan duk naka ne?" ta tambaye shi.

Bai san lokacin da ya ce, "Nawa ne," ba. Auta ta shiga ɗaki, ta ciro kayan da za su sa, ta sake ɗaure jakar tamau ta ajiye ta a bayan ƙofa, inda duk wanda ya shigo sai ya gan ta.

Shi ya sa wa yarinyar suna 'Yar Ƙusa, don ba ta da kauri kuma babu inda ba ta shiga. Cikin sati biyu ta mallake rumfar. Ita ce mai tsince masa ƙusoshin da suka faɗi, ita ce mai tambayar da ba ta ƙarewa. Takan hau benci ta ce masa, "Tsoho, kanka ya yi furfura da garin katako, zo in share maka," shi kuma ya sunkuyar da kan nan da ya tsorata unguwa, ta yi ta bugunsa da tsumma. Yana son yarinyar nan, so mai tsanani, kuma tare da son sai wani tsoro ya shige shi wanda bai taɓa sani ba. Kullum ya wuce ta ƙofar ɗaki sai idonsa ya faɗa kan jakar nan.

Amma fushin da ya shekara sittin a jikin mutum ba ya fita don an yi masa gargaɗi. Yana nan, yana tasowa daga ciki ya hau wuya ya sauka a hannun dama. Sai Guduma ya samo masa wurin zuwa. A ƙurewar rumfa akwai wata dirka mai kauri, busasshen icce mai taurin tsiya, ita ke ɗauke da azarar baya. In yarinyar ta ɓatar masa da fensir, ko Auta ta mayar masa da magana, sai ya ɗauki guduma ya zagaya bayan dirkar, ɓangaren da ke kallon bango, ya yi ta dukanta har kafaɗarsa ta mutu. Kwanon rumfa ya yi ta rawa, ƙura tana zubowa. Auta tana ɗaki a kan keke tana jin bugun, a zatonta aiki yake yi. Wata bakwai dirkar nan tana shan dukan da ba nata ba.

Rina ta zo ne da farkon zafi. Ya fara jin ta kafin ya gan ta. Yana zaune yana shan shayi sai ya ji wani ɗan sauti, ƙirit, ƙirit, daga tsofaffin falankan da ya jingina a bango. Ya matsa ya ga wata ƙatuwar rina, ja da baƙi, tana kankarar katako da baki tana ja da baya, ta bar wani farin layi siriri, miƙaƙƙe kamar an ja shi da rula. Ta dunƙule abin da ta kankaro, ta tashi da shi, ta nufi azara, daidai inda kan dirka ya tokare ta.

"Ɓarauniya," in ji shi. Ya cire takalmi zai murƙushe ta, sai ya tsaya ya ga abin da take yi da katakon nasa. Ta tauna shi da yawunta ya zama kamar kwaɓaɓɓiyar takarda, ta liƙa a azara, ta ja shi ya zama ɗan tsinke, a ƙarshen tsinken ta fara fitar da ɗakuna masu kusurwa shida. Ya hau benci ya kai fuskarsa kusa. Babu tef, babu ƙusa, babu gam, amma kowane ɗaki daidai yake da ɗan'uwansa. Ya daɗe a tsaye da takalmin a hannu, daga baya ya sauko ya mayar da shi ƙafarsa.

Daga nan kallon rina ya zama aikinsa na biyu. Sheƙar ta tashi daga girman lemun tsami ta kai girman ƙwallo. 'Ya'yan farko suka ƙyanƙyashe suka kama aiki, suka lulluɓe ɗakunan da bango a kan bango, suka bar ƙofa ɗaya a ƙasa. Abin da ya fi burge shi, yana iya karanta katakonsa a jikin ginin. Layin nan mai ja daga ragowar ƙofar makaranta ne, mai fari daga akwatin da ya wargaje, mai toka-toka daga tsohon shinge. Yakan ɗora 'Yar Ƙusa a kafaɗa daga nesa ya nuna mata.

"Kin ga waɗancan? Duk garin nan su kaɗai ne kafintoci, sai ni."

Ya ga kuma ɗaya fuskar tasu, kuma ita ma ta yi masa. Sukan faɗo wa ƙuda a kan bencinsa, su danne shi, su gutsure kai, su cire fukafukai, su tauna sauran su kai wa 'ya'yansu. Ranar nan ya ga biyu sun kama wata ƙatuwar tsutsa a ganyen bishiya, suka yayyanka ta tana murɗawa. Wata rana ƙadangare ya hau azara zai gwada sa'a, suka rufe shi, ya faɗo ƙasa yana birgima, kafin yamma ya sandare. Guduma ya ɗauke shi ta wutsiya ya jefar, yana gyaɗa kai. Ya gane halin, don nasa ne.

Auta ba ta ga abin burgewa ba. Ta yi magana tun sheƙar tana ƙarama, ta sake yi da ta kai girman kan mutum. Ta uku ita ce ranar da ɗaya ta harbe ta a wuya tana shanya, wurin ya kumbura har ta kasa juya kai kwana biyu.

"Baba, gidan nan akwai yarinya. Ka cire abin nan, ko in kira mai feshi ya zo ya cire."

"Ba su gama ba," in ji shi.

"Ba su gama me ba?"

"Ginin. Ba a taɓa aikin da ba a gama ba. In sun gama zan sauke shi da hannuna."

Wannan doka ce a wurinsa, a kanta ma ya kashe wa babban ɗansa kunne, don ya jawo teburin da gam ɗinsa bai bushe ba. Abin da bai sani ba, ko ya sani ya ƙi yarda, shi ne rina ba ta gama gini. Kullum akwai sabon layi a bakin ƙofa. Sheƙar ta wuce kan mutum ta kai girman bokiti, ta sauko ta rungume kan dirkar, in ka tsaya kusa kana jin gurnaninsu a cikinta.

Akwai kuma wani dalili da bai faɗa wa kowa ba. Tun da suka zauna a kan dirkar bai sake dukanta ba, don ya san abin da bugu ɗaya zai jawo. In fushi ya taso sai ya ɗaga kai ya kalli masu gadin nan biyu uku da ke bakin ƙofar sheƙar, ya dunƙule hannu ya haɗiye. Wata uku ya yi haka. Sai ya ɗauka ya warke, har yana ganin Allah ne ya turo masa su su riƙe masa hannu. Bai warke ba, tarawa kawai yake yi.

A lokacin yana aikin wata ƙofa ta wani likita, ƙofa mai sassaƙa, sati uku yana kanta. Ya goge ta da sanfefa har kana ganin inuwarka, ya kwantar da ita a kan benci kusa da dirka, saura a zo a ɗauka. Ranar da hantsi ya fita bakin titi sayen fata, wato ƙarfen da ake rataye ƙofa da shi. Bai yi rabin awa ba. Tun daga zaure ya ji ɗan bugu, taf, taf, a rumfa.

'Yar Ƙusa ce a durƙushe a kan ƙofar, ta riƙe gudumarsa da hannu biyu. Ƙusa bakwai ta kafa a tsakiyar sassaƙar, duk a lanƙwashe, kuma duk inda ta kuskure ƙusa guduma ta bar rami. Wani ɓangare na furen da ya sassaƙa ya tsage ya faɗi ƙasa. Ta ɗago kai tana murmushi, gumi a hancinta.

"Tsoho, na taya ka. Ka manta ba ka sa mata ƙusa ba."

Bai ji sauran maganar ba. Ya fizge gudumar daga hannunta, hannunsa ya tashi sama da kansa, yadda ya tashi a kan babba, da na biyu, da Auta, da uwarsu. Ya ga tsakiyar kan yarinyar, ya ga ɗan kitsonta, ya ga murmushin ya fara gushewa. Hannun ya riga ya taho, ba shi da ikon tsayar da shi, abin da ya iya kawai shi ne ya karkatar da shi. Ya juya da dukkan ƙarfinsa ya sauke gudumar a kan dirka.

Bugu ɗaya ne, amma na wata uku. Kwano ya amsa, azara ta girgiza, gefen sheƙar ya tsage. Sai gurnanin ya zama ruri, suka zubo daga ƙofar da tsagar gaba ɗaya.

Ta farko ta same shi a fatar ido. Ya ji yarinyar ta ƙwala ihu, ya saki guduma ya fizgo ta daga kan ƙofar, ya kife ta a cikin garin katako ya faɗa a kanta. Ya tura kanta ƙarƙashin ƙirjinsa, ya tattaro hannayenta da ƙafafunta, ya rufe. Suka sauka a bayansa. Rina ba ƙudan zuma ba ce da za ta yi harbi ɗaya ta mutu, ita tana harbi ta zare ta sake. Suka shiga ta wuyan riga, suka shiga cikin kunne, suka cika ƙeyarsa, kowane harbi kamar an soka masa ƙusa mai zafi. Yarinyar tana ta shure-shure tana kiran uwarta, shi kuma yana ƙara danne ta, don ƙafa ɗaya tana neman fitowa.

Abin da Auta ta gani ke nan da ta fito a guje. Ta ji bugu, ta ji ihu, ta ga ubanta a kan 'yarta ya danne ta a ƙasa, guduma a gefe. Ba ta ga rina ba, shekara tara ta gani da gwangwanin gam. Ta suri falanki ta ɗaga da hannu biyu ta sauke masa a gadon baya. Bai motsa ba. Ta sake ɗagawa ta sauke a hannunsa na dama da ya tokare ƙasa da shi, ƙashin ya ce ƙas. Har yanzu bai ɗaga ba. Sai da ta ɗaga na uku wata rina ta harbe ta a leɓe, wata a goshi, sannan idonta ya buɗe ta ga bayan rigarsa yana motsi, ja da baƙi.

"Tampol," ya ce, muryar da ƙyar take fita. "Rufe ta. Ɗaki."

Ta jawo tampol ɗin da ake rufe katako, ya turo yarinyar ciki da hannun hagu, ta naɗe ta ta sunguma ta ruga. Ya ji an bugo ƙofa an sa sakata.

Nan ya kamata ya gudu, duk mai hankali gudu zai yi. Amma Guduma ya miƙe, ido ɗaya a rufe, hannun dama yana lilo, ya ga a ƙarshe ga abin da aka yarda ya daka. Ya taka benci, ya taka ƙofar likita, ya cusa hannun hagu cikin tsagar sheƙar har gwiwar hannu, ya fizgo. Ginin da ya yi wata uku yana yabo ya yage kamar tsohuwar jarida. Ya maka shi da ƙasa, ya bi shi da ƙafa, fararen tsutsotsi suna fashewa a ƙarƙashin takalminsa, yana zagi, suna shiga bakinsa yana taunawa yana tofarwa. Ya yi ta tattakawa har ƙafafun suka daina jin maganarsa, maƙogwaronsa ya fara toshewa, ya kife a kan abin da ya rusa. Mai walda na maƙwabta ne ya tsallako katanga da bargo a ka da tsumma mai hayaƙi a hannu, ya ja shi ta ƙafa har waje.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta fara ƙirga harbin, da ta wuce sittin ta bari. Fuskarsa ta kumbura har babu alamar ido, leɓɓansa suka yi kauri, aka ɗaure hannun dama a filasta. Kwana uku ba ya gani. Ciwon bai dame shi kamar shirun ba. Duk takun da ya ji a baranda sai ya kasa kunne, kuma duk ba nata ba ne. Mai walda ya gaya masa yarinyar harbi huɗu ta samu a ƙafa, ta warware har tana wasa. Ya kasa tambayarsa ko jakar tana nan a bayan ƙofa, don yana tsoron amsar.

A rana ta uku da yamma ya ji an ja kujera an zauna. Ya san numfashin.

"Ban taɓa ta ba," ya ce.

"Na sani, Baba. Ta gaya min."

"Ko ɗan yatsa."

"Na ce na sani. Amma sau uku ina ce maka ka cire abin nan. Ba ka dake ta ba, fushinka dai ya same ta. Ni a wurina da wuya in raba su."

Ya san gaskiya ta faɗa.

"Shekaranjiya na zuba kananzir na ƙone ragowarsu," in ji ta. "Jiya na samo mota, na ce da direban ya zo da safe. Sai na ce kafin in tafi bari in sa a cire dirkar nan, kada wasu su dawo su sake gini. Mai walda ya tokare azara, ya yanke dirkar, ta faɗo ta juya. Na ga bayanta, Baba. Duk ta dagargaje, ta zama kamar tsumma. Na sa yatsa a ramukan, na san bakin gudumar nan. Na fara ƙirgawa na kasa. Tun yaushe?"

"Tun ranar da kuka zo."

"Nawa ne nata, nawa ne nawa?"

"Naki sun fi yawa," in ji shi. "Kin fi ta baki."

Ya ji ta yi wani sauti, bai san ko dariya ce ko kuka ba. Ta kama hannun da ta karya, ta gyara masa shi a kan filo.

"Na sallami direban," ta ce. "Amma dirka ta tafi, kuma ba za a sa wata ba. Sai ka san inda za ka kai fushin naka. Jakar kuma tana nan inda take."

Hannun bai koma daidai ba. Ƙashin ya haɗu a karkace, yatsun suka ƙi damƙar guduma, sai ya koma yin 'yan ƙananan gyare-gyare da hagu, yana zagin aikin nasa da kansa. Fushin bai bar shi ba har ya mutu. In ya taso, sai a ga tsoho ya fita ƙofar gida ya zauna a kan dutse, ya cusa hannayensa biyu a ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne, jikinsa yana rawa, gumi yana zuba, har abin ya wuce. 'Yan unguwa suka ce tsufa ne ya kama Guduma. 'Yar Ƙusa kuwa takan zo ta zauna kusa da shi, ita ma ta zauna a kan hannayenta, a zatonta wasa ne.

Shekara shida ya ƙara a duniya, kuma kullum sai ya kalli jakar nan in zai wuce. Auta ba ta kwance ta ba, ba ta kuma ɗauke ta ba. Sai bayan an dawo daga binne shi ta jawo ta tsakar ɗaki, ta ga igiyar ta riga ta ci jikin jakar, kullin ya ƙi kwantuwa. Ta aiki 'Yar Ƙusa rumfa ta ɗauko mata wuƙarsa.